Gishiri, Kanwa da Wutar Zuciya: Sharhi Kan Abin da Ke Sa Zuciya Bugawa

Akwai maganganu uku da majinyata da masu jinya ke yawan ji daga bakin likita, su koma gida ba tare da sun gane kansu ba. Ta farko, a ce a je a yi gwajin wutar zuciya. Ta biyu, a ce gishirin jinin mutum ya yi ƙasa, alhali bai taɓa shan miya lami ba. Ta uku, a hana mai jego kunun kanwa, abin da uwa da kaka suka sha suka yi arba'in lafiya lau. Daga nan kowa sai ya fassara yadda ya ga dama. Wani ya ɗauka na'urar asibiti ce ke ɗura wa mutum lantarki, wani ya koma yana ƙara wa mara lafiya gishiri a abinci, wata kuma ta ce likitocin zamani dai ba su ƙaunar al'ada.

Maganganun nan uku tushensu ɗaya: shige da ficen wasu sinadarai ta jikin ƙwayoyin tsokar zuciya, wanda shi ke haifar da kowane bugu. Ga mutanen Gozaki da sauran garuruwan Kafur, Malumfashi da Funtua a jihar Katsina kuwa, batun na gida ne, domin tun 1974 sunan wannan yanki ya shiga rubuce-rubucen likitocin zuciya na duniya, kuma ta dalilin kanwa ya shiga.

Ma'anar kalmomi

Zuciya tsoka ce, kuma kamar kowace tsoka, an gina ta da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Ƙwayar tsokar zuciya doguwa ce siririya, sai an jera kusan goma kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Kowacce tana lulluɓe da wani tantani mai maiƙo wanda narkakken gishiri ba ya ratsawa. Cikinta ruwa ne, wajenta ma ruwa ne, amma haɗinsu ba ɗaya ba.

Ayon kalmar aro ce daga masana kimiyya, ma'anarta ƙwayar zarra mai ɗauke da cajin lantarki. Idan gishirin miya ya narke a ruwa, rabuwa yake yi gida biyu: sodiyam, mai caji irin na kan batir da ke da alamar ƙari, da kulorayid, mai caji irin na ɗaya kan da ke da alamar ragi. Kowannensu ayon ne. Uku ne suka fi ruwa da tsaki a aikin zuciya, duka kuma masu cajin ƙari: sodiyam ɗin nan na gishiri, da fotasiyam, wanda manomi ya san shi a buhun taki domin shi ne harafin K na NPK, sai kalsiyam da ke cikin ƙashi da nono. Idan likita ya ce gishirin jini, waɗannan da 'yan uwansu irin su maganisiyam yake nufi a dunƙule. Gishirin miya ɗaya ne kawai a cikinsu.

Duk inda abu mai caji ya gusa daga wuri zuwa wuri, lantarki ya gudana. Don haka idan ayon ya ratsa tantani ya shiga ƙwaya ko ya fita, wannan gudun shi ake kira kwararar ayon, shi ne kuma wutar zuciya. Hanyar ratsawar iri biyu ce. Akwai ƙofofi, wato wasu ƙananan furotin da ke dashe a tantanin, masu buɗewa da rufewa, kowacce da irin ayon ɗin da take bari ya wuce. Akwai kuma famfo, wanda ke ƙona kuzarin da jiki ya samu daga abinci yana tura ayon zuwa inda da kansa ba zai je ba. Babban cikinsu, a kowane zagaye, yana fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu. Jens Skou na ƙasar Denmak ne ya gano shi a 1957.

Aikin famfon nan ne ya sa ciki da waje suka bambanta. Da awon ɗakin gwaji, wato milimol a kowace lita, sodiyam a jini yana tsakanin 135 da 145, a cikin ƙwaya kuwa wajen 10 ne. Fotasiyam akasin haka yake: a jini 3.5 zuwa 5 kacal, a cikin ƙwaya wajen 140. Abin ya yi kama da madatsar ruwa irin ta Mairuwa kusa da Funtua: an tare ruwa a sama, ƙarfinsa na ajiye, ana ɗaga ƙofa sai ya kwararo da kansa ba tare da an tura shi ba.

Yadda bugu ɗaya ke faruwa

Lokacin da ƙwayar ke hutawa tsakanin bugu da bugu, yawancin ƙofofinta a rufe suke, ban da wasu na fotasiyam. Ta nan fotasiyam kaɗan ke silalewa waje da cajinsa na ƙari, ya bar cikin ƙwayar da rinjayen cajin ragi. Idan aka auna, ana samun cikin ya gaza waje da kimanin milibolt 90. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne, wato milibolt 1,500, ke nan wutar ƙwayar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na batir ɗaya ba. Wannan shi ya sa ba wanda wutar zuciyarsa ke ja.

Da saƙo ya iso daga ƙwayar da ke maƙwabtaka, sai ƙofofin sodiyam su buɗe gaba ɗaya. Sodiyam ya afka ciki, cajin ya juye daga ragi 90 zuwa ƙari 20 ko sama da haka, duk cikin kashi ɗaya ko biyu bisa dubu na daƙiƙa. Nan take ƙofofin su rufe kansu, kuma ba za su sake buɗuwa ba sai cajin ya koma inda ya fito.

A jijiyar saƙo da tsokar ƙafa, zancen kusan ya ƙare ke nan. A zuciya kuwa yanzu aka fara. Wasu ƙofofi masu nawa, na kalsiyam, su ne ke buɗewa a biye, su daɗe a buɗe. Kalsiyam na shiga, fotasiyam na fita, cajin biyu suna kusan daidaita juna, sai ƙwayar ta tsaya a sama na kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa. Kalsiyam ɗin da ya shigo ba shi da yawa, amma shi ke buɗe wata ma'ajiya da ke cikin ƙwayar, ta saki kalsiyam mai ɗimbin yawa, shi kuma ya kama zaren tsoka ya sa su ja juna. Wannan jan shi ne matsewar da ke tura jini. Daga ƙarshe ƙofofin kalsiyam su rufe, na fotasiyam su ƙara buɗewa, caji ya sauko, a kwashe kalsiyam a mayar ma'ajiya, saura a fitar da shi waje ta hanyar musaya da sodiyam, tsoka ta saki, jini ya sake cika zuciya.

Tsayuwar nan ta sama ita ce hikimar da ta fi kowacce a tsarin. Muddin ƙwayar tana can, ba ta karɓar sabon saƙo, don haka zuciya ba ta iya ƙullewa ta sanƙare yadda tsokar ƙwauri ke yi wa mutum da dare. Dole ta matse, dole ta saki. Amma a nan ɗin ne kuma rauninta yake. Idan tsayuwar ta yi tsawo fiye da kima a wasu ƙwayoyi, ko ta gajarce a wasu, sai saƙo ya riƙa zagaye yana bin bayan kansa, zuciya ta koma karkarwa maimakon bugawa. Idan ɗakunan ƙasa na zuciya, masu tura jini waje, su ne suka shiga wannan hali, jini ya daina fita, mutum ya faɗi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Yawancin mutuwar fuju'a da ake dangantawa da zuciya ta haka take zuwa.

Wa ke ba da umarnin bugu?

Da yawa sun ɗauka ƙwaƙwalwa ce ke umartar kowane bugu. Zuciya da kanta take tayar da saƙonta. A ɗakin sama na dama na zuciyar akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi da Keith da Flack suka bayyana a Ingila a 1907. Su waɗannan ba su da hutu tsayayye. Da cajinsu ya sauka zuwa wajen ragi 60, sai ya fara hawa a hankali har ya kai inda ƙofofin kalsiyam za su buɗe, bugu ya tashi. Saƙon ya bazu a ɗakunan sama, ya ɗan dakata kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a wata mahaɗa don ɗakunan ƙasa su cika, sannan ya sauka da gudu ta wasu zare na musamman. Haka ake yi sau 60 zuwa 100 a minti ga baligi mai hutawa, kimanin sau dubu ɗari a yini da dare.

Abin da ke sa cajin ya riƙa hawa da kansa ya jawo muhawara mai tsawo. Dario DiFrancesco na Italiya da abokan aikinsa sun bayyana wata kwarara a 1979 wadda ke buɗewa a daidai lokacin da sauran ke rufewa, suka ce ita ce agogon. Wasu masana a Amurka, musamman Edward Lakatta, suka ce ma'ajiyar kalsiyam ta cikin ƙwaya ce ke sakin kalsiyam lokaci-lokaci tana tayar da bugun. Yau mafi yawan masana sun tsaya a kan cewa biyun tare suke aiki, ɗaya na riƙe ɗaya.

Ƙwaƙwalwa linzami kawai take riƙe da shi. Tsoro ko gudu na sakin sinadarin adirenalin, ya sa ƙofofin su yi sauri, abin da ake ji a matsayin faɗuwar gaba. Wata jijiya kuma tana sakin sinadarin asetilkolin, ya buɗe ƙarin ƙofofin fotasiyam, bugu ya lafa. A riƙe wannan na biyun, domin shi ne mabuɗin fahimtar gubar maganin feshi.

Sanin duk wannan ya ɗauki fiye da shekara ɗari. A 1883 Sydney Ringer a Landan ya lura zuciyar kwaɗo ta ci gaba da bugawa a ruwan gishirin da aka haɗa da ruwan famfo, ta tsaya a wanda aka haɗa da tataccen ruwa. Bambancin kalsiyam ne. Sunansa ne har yau a jikin wata ledar ruwan da ake ƙara wa majinyata. Hodgkin da Huxley suka auna kwararar sodiyam da fotasiyam a jijiya a 1952, Denis Noble ya ɗora lissafinsu a kan zuciya a farkon shekarun 1960, sannan Neher da Sakmann a Jamus suka iya auna wutar ƙofa guda ɗaya tak a 1976.

Kanwa da mai jego: binciken Zariya da Malumfashi

A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun riƙa ganin mata masu jego da yawa suna zuwa da kumburin jiki da sarƙewar numfashi, alamar zuciya ta gaza. N. M. Davidson da Farfesa Eldryd Parry suka bi diddigin mata 224. A rahoton da suka fitar a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1974, sun ce cutar ta fi yawa a tsakanin Hausawa, musamman kewayen Zariya da Malumfashi, inda aka fi riƙo da abu uku bayan haihuwa: wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunu mai kanwa da yawa. An ƙiyasta a lokacin cewa wajen mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin tana kamuwa, adadin da ya ninka na ƙasashen Turai nesa ba kusa ba.

A nan akwai ruɗani biyu da ya kamata a kawar. Na farko, saboda a Turancin Najeriya ana kiran kanwa potash, masu ilimin boko da dama sun ɗauka fotasiyam ce, har wasu na yaba ta a kan haka. Kanwar da ake kawowa daga bakin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, ja ce ko fara ko ungurnu, mafi yawanta gishirin sodiyam ne. Wanda ya sha kunun kanwa mai kauri, sodiyam ya ɗura wa jikinsa, ko da bai ji ɗanɗanon gishirin miya ba. Ruwan toka da ake tacewa daga ƙonannen kara shi ne mai fotasiyam da yawa.

Na biyu, sodiyam ɗin kanwa ba ya zuwa kai tsaye ya cika ƙofofin zuciya. Jiki mai lafiya ba ya barin awon sodiyam na jini ya yi nisa da 140. Idan ya ƙaru, sai ƙishirwa ta taso, ƙoda kuma ta riƙe ruwa don ta tsarma shi, jini ya ƙara yawa. Mai jego dama tana ɗauke da rarar ruwan da ciki ya tara. Ga zafin wanka da na gado suna buɗe hanyoyin jinin fata, suna tilasta wa zuciya ta ƙara aiki. Binciken da Sanderson da abokan aikinsa suka yi a Zariya da na'urar hoton zuciya, wanda ya fito a 1979, ya nuna cewa da yawa daga matan tsokar zuciyarsu ba ta mutu ba, lodi ne ya fi ƙarfinta. Sai bayan zuciya ta buɗe ta yi laushi ne matsalar ke isa ga ƙofofin: ƙwayoyin da suka wahala sukan rage ƙofofin fotasiyam, su kasa riƙe kalsiyam yadda ya kamata, bugu ya fara rikicewa.

Saɓanin masana a kan kanwa

Shekaru da yawa ana karantar da bayanin Zariya kamar an rufe babin. Bincike na baya ya sake buɗe shi. A Sakkwato, Isezuo da Abubakar sun ruwaito a 2007 cewa mace ɗaya cikin 102 da suka haihu ta kamu, wato cutar ba ta ja baya ba. Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani babban rajista na masu cutar daga asibitoci a sassan Najeriya, wanda sakamakonsa ya fito a 2020. Abin da ya fi fitowa fili a ciki shi ne rashin ilimin zamani, rashin sana'a, rama, da hawan jini na lokacin ciki. Al'adun jego ba su fito a matsayin abin da ke raba masu cutar da marasa ita ba. Karaye ya kuma nuna cewa masu cutar a Kano suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, wanda jiki ke buƙata kaɗan don kare tsoka.

Masu riƙe da ra'ayin farko suna da amsa: inda kusan kowace mace ke wankan jego tana shan kunu, da wuya ƙididdiga ta nuna bambanci, kuma yawan kanwar da ake sha yau ba lalle ya kai na shekarun 1970 ba. Mai yiwuwa ma cuta biyu ce ta haɗu ƙarƙashin suna ɗaya, wata ta lodin ruwa mai saurin warkewa, wata ta lalacewar tsoka.

Abin da hujjoji suka ba da dama a faɗa shi ne wannan. Ɗora wa kanwa laifin gaba ɗaya ya wuce abin da aka tabbatar, kuma yana kawar da ido daga yunwa da rashin awon ciki, waɗanda suka fi wuyar magani. Amma wanke ta ƙal shi ma kuskure ne. Ba likitan zuciyar da zai yarda mace mai kumburi ko hawan jini ta ci gaba da shan sodiyam mai yawa, ko daga gishiri ya fito, ko dunƙulen miya, ko kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma kanwa na cikin lissafin.

Fotasiyam: inda haɗarin gaggawa yake

Sodiyam sannu a hankali yake cutarwa. Fotasiyam kuwa yana iya kisa cikin sa'o'i, domin shi ke tsayar da cajin hutu na ƙwaya, kuma tazarar da ke tsakanin lafiya da haɗari 'yar kaɗan ce. Wajen kashi 98 cikin ɗari na fotasiyam ɗin jiki yana cikin ƙwayoyi, ɗan abin da ke jini shi ake aunawa.

Idan ya yi ƙasa, saukowar caji na jinkiri, bugu ya riƙa tsalle, gaɓoɓi su mutu. Babban sanadi a karkara shi ne amai da gudawa, musamman kwalara ta damina, irin wadda ta addabi Katsina da maƙwabtanta a 2021. Ruwan gishiri da sukari da ake haɗawa a gida yana ceton rai, amma babu fotasiyam a cikinsa. Na leda da ake samu a asibiti da kemis yana da giram ɗaya da rabi na gishirin fotasiyam a kowace lita, shi ya sa aka fi son sa idan akwai. Ƙwayoyin sa fitsari irin su Lasix su ma suna zubar da shi. Ga mai lafiyar ƙoda, abincin gida ya wadatar: wake, gyaɗa, dankali, dabino, ayaba, zogale, alayyafo da kuka. Abin da shuka ta zuƙa daga ƙasa da taki shi ke dawowa cikin tukunya.

Idan ya yi yawa kuma, cajin hutu ba ya sauka sosai, ƙofofin sodiyam su kasa sake shiri, saƙo ya yi ta rarrafe har ya tsaya. Likitocin tiyata da gangan suke zuba ruwa mai fotasiyam da yawa su tsayar da zuciya kafin su yi aiki a cikinta. Masu ciwon ƙoda ne suka fi shiga wannan haɗari, sai masu shan wasu magungunan hawan jini da ke riƙe fotasiyam. Irin waɗannan ne ake hana wa ayaba da dabino da ruwan toka, abin da ke ɗaure wa dangi kai ganin an umarci wani majinyacin a gado na kusa da ya ci su. Awon da ya haura 6.5 aikin gaggawa ne.

Guba da magunguna

Manomin masara da auduga da barkono yana hulɗa da abubuwan da ke taɓa waɗannan ƙofofi fiye da yadda ya sani. Magungunan feshi na dangin Sniper da ota-fiya-fiya suna hana jiki rusa asetilkolin. Sai ya taru, ƙofofin fotasiyam na gungun da ke tayar da bugu su zauna a buɗe, zuciya ta yi sanyi, ga dalalar miyau da gumi da ƙanƙancewar ƙwayar ido. Ta fata ma yana shiga, ba sai an sha ba. Maganinsa allurar atirofin ce a asibiti. Madara da manja da ake ɗura wa mutum ba sa karya shi, ɓata lokaci ne. Ƙwayar da ake jefawa cikin buhun hatsi don kashe ƙwari kuwa iska mai guba take saki, wadda ke hana ƙwayoyin zuciya samar da kuzari. Bai kamata a kwana ɗaki ɗaya da hatsin da aka sa wa ita ba.

Daji ma na da nasa. Dafin kibiya da maharba ke haɗawa da ƙwanƙwani, da farin ruwan tumfafiya, suna ɗauke da sinadaran da ke toshe famfon sodiyam da fotasiyam. Abin mamaki, ɗan uwansu ne digozin, maganin da aka daɗe ana ba masu gazawar zuciya. Idan aka ɗan rage wa famfon gudu, sodiyam na taruwa kaɗan a ciki, fitar kalsiyam ta ragu, matsewa ta ƙara ƙarfi. Idan aka zarce, guba ce. Ƙarancin fotasiyam yana ƙara masa dafi, ga shi kuwa sau da yawa tare da Lasix ake ba da shi. Mai jegon da aka sallama da waɗannan biyun tana buƙatar komawa a auna jininta, ba ta riƙa sabunta su a kemis ba.

Wasu magungunan da ba na zuciya ba suna toshe wata ƙofar fotasiyam da ke saukar da caji. Kwinin da kulorokwin da Halfan suna ciki, haka wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su eritiromaisin. Dalilin ke nan da kwinin ta jijiya sai a cikin ƙarin ruwa a hankali ake ba da ita. A watan Maris na 2020 hukumomin lafiya na Legas sun ba da rahoton mutanen da kulorokwin ya yi wa illa bayan sun sha da kansu don tsoron korona. Wannan ba dalilin gudun maganin zazzaɓin cizon sauro na yanzu ba ne, idan an sha yadda aka rubuta. Haɗarin yana cikin ninka awo da gwama magunguna, musamman ga wanda gudawa ta riga ta zuƙe.

Likitoci ma sun sha darasi. A 1989 aka dakatar da wani ɓangare na babban gwaji a Amurka bayan an ga magunguna biyu masu toshe ƙofar sodiyam, waɗanda suka gyara tsallen bugu a takarda, sun ƙara yawan mutuwa ga waɗanda jijiyar jinin zuciyarsu ta taɓa toshewa. Tun daga nan ba kowane tsallen bugu ake bi da magani ba. A ɗaya gefen, amlodifin da dubban masu hawan jini ke sha kullum ƙofar kalsiyam yake rage wa aiki, amma ta hanyoyin jini ya fi kamawa, su saki, awo ya sauka.

Abin da gwajin ECG ke gani

Na'urar ECG, wato ta gwajin wutar zuciya, wadda Willem Einthoven na ƙasar Holan ya samu kyautar Nobel a kanta a 1924, ba ta sa wa mutum wuta ko kaɗan. Sauraro take yi. Wutar ɗimbin ƙwayoyi idan ta haɗu tana isa fata da ƙarfin kimanin milibolt ɗaya, na'urar ta zana ta. Ƙaramin tudu na farko na ɗakunan sama ne, tsinin da ke biye shigar sodiyam ce a ɗakunan ƙasa, tudun ƙarshe kuma fitar fotasiyam. Idan tudun ƙarshe ya yi tsini, likita zai zargi yawan fotasiyam. Idan ya kwanta, ko tazarar ta yi tsawo, zai zargi ƙarancinsa ko illar magani. Gwajin ba ya nuna ƙarfin matsewar tsoka, wannan aikin na'urar hoton zuciya ne, don haka takarda mai kyau ba ta wanke mai kumburi.

Gwajin ECG da awon gishirin jini ba su da tsadar da za a ce sai an je Zariya ko Kano ko Katsina kafin a same su. Ya kamata gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Kafur, Malumfashi da Funtua su tabbatar da su a asibitocin da ke karɓar haihuwa da masu gudawa, tare da ma'aikacin da ya iya karanta sakamakon. Iyalai kuma, mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take tari da dare, ko numfashinta ke sarƙewa idan ta kwanta, a dakatar da kanwa da wankan zafi a kai ta asibiti a ranar, kada a jira ta yi arba'in.